Mus Huɗu da Hanya Ɗaya: Tarihin Haɗarin Mota a Tsibirin Newfoundland

Mus ita ce mafi girma a cikin dukan dabbobin dangin barewa da ke raye a yau. Mazauninta dazuzzukan arewacin duniya ne masu tsananin sanyi, daga Alaska da Kanada har zuwa Suwidin, Finland da Rasha. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 500 ko fiye, tsayinsa daga kofato zuwa kafaɗa yana kusantar mita 2, ban da kai da faffaɗan ƙahonin da yake zubarwa kowace shekara wasu su tsiro. Duk inda kwalta ta ratsa dajin da take, babu dabbar da direbobi ke shakka kamarta. Sai dai tarihin wannan shakka bai fito fili a ko'ina ba kamar yadda ya fito a tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, domin asali babu mus ko ɗaya a can. Mutane ne suka kai ta da hannunsu, da yardar hukuma, kuma an san shekarar, an san wurin da aka sake ta.

Karon farko a 1878 ne, lokacin da aka kawo namiji da tamata daga Nova Scotia aka sake su a yankin Gander Bay. Wanda tarihi ya fi riƙewa shi ne karo na biyu, a 1904. An kamo dabbobin a yankin Miramichi na New Brunswick, a ƙarshen hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ta yi zurfin da mus ba ta iya gudu sosai, mafarauta kuwa suna tafe a samanta da faffaɗan takalman dusa suna jefa mata igiya. Aka ɗauko su a jirgin ƙasa, aka haye da su teku. Guda huɗu ne suka kai, maza biyu mata biyu, aka sake su kusa da garin Howley a yammacin tsakiyar tsibirin.

Waɗanda suka yi wannan aiki suna da dalilansu, kuma a mizanin zamaninsu dalilan ba na banza ba ne. A lokacin Newfoundland ba ta shiga Kanada ba tukuna. Ƙasa ce mai gwamnatin kanta a ƙarƙashin sarautar Ingila, jama'arta kuma sun jeru ne a bakin teku suna kamun kifi, cikin tsibirin ya zama fayau. A 1898 aka kammala layin dogo da ya ratsa daga St. John's a gabas zuwa Port aux Basques a yamma, hukuma ta ƙudura buɗe dajin ciki ga masu saran katako da masu haƙar ma'adinai. Waɗannan ma'aikata suna bukatar ɗanyen nama a ƙasar da kiwo ke da wuya. An kuma yi fatan attajirai masu sha'awar farautar manyan dabbobi za su riƙa zuwa daga Amurka da Ingila, su hau jirgi, su ɗauki 'yan jagora, su bar kuɗi. A wannan lissafi babu mota, domin a 1904 babu hanyar mota da ta ratsa tsibirin, babu ma wanda ya hango ta.

Dabbobin sun tarar da ƙasa kamar an share musu ita. Kerkecin tsibirin, wanda shi kaɗai ne zai iya tsare yawansu, yana dab da ƙarewa: tun ƙarni na 19 hukuma ke biyan lada ga duk wanda ya kashe shi, kuma wajen 1930 aka daina ganinsa baki ɗaya. Baƙin beyar yakan kama jariran mus, amma ba ya isa ya hana garke bunƙasa. Cututtukan da ke addabar mus a babban yankin nahiyar su ma ba su biyo ta da yawa ba. Ga abinci a wadace. An buɗe masana'antar takarda a Grand Falls a 1909, wata kuma a Corner Brook a 1925, sai saran daji ya kankama. Duk filin da aka sare, bayan 'yan shekaru sai ya cika da ƙananan itatuwa masu taushin ganye da toho, daidai tsayin bakin mus, abin da ta fi so ke nan a duniya. Masu gatari, ba da niyya ba, suka zama masu noma mata abinci. A ƙasa mai yalwa irin wannan tamata takan haifi tagwaye, don haka kafin tsakiyar ƙarni na 20 zuriyar ta bazu kusan ko'ina a tsibiri mai faɗin murabba'in kilomita kusan 109,000.

An halatta farautarta a shekarun 1930, a daidai lokacin da karibu, dabbar asali da mutanen tsibirin suka saba ci, ta yi mummunar raguwa. Nan da nan mus ta maye gurbi a tukunya. Wannan batu yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya, domin cikin tsara ɗaya baƙuwar dabba ta zama 'yar gida. Iyalai suka saba da fita farauta a watannin Satumba da Oktoba, a yanka naman a raba wa dangi da tsofaffin unguwa, a dafa saura a tura cikin kwalabe a toshe don ya kai har ƙarshen hunturu. Mus ɗaya tana iya ba gida nama fiye da kilo 100. A ƙauyukan da kanti ke da nisa, aiki kuma na lokaci-lokaci ne, wannan abinci ne na gaske, ba wasan masu kuɗi ba. Yawanta ya hau sosai zuwa wajen 1960, ya sauka saboda yawan harbi, sai hukuma ta shigo da tsarin ƙayyade lasisi yanki-yanki da rabawa ta hanyar ƙuri'a a farkon shekarun 1970. Tsarin ya yi aikin da aka kafa shi dominsa, wato ya raya garken, har a shekarun 1990 aka ƙiyasta mus kusan 150,000 a tsibirin da mutanensa ke wajen rabin miliyan.

A ɗaya gefen kuma hanya tana tahowa. Newfoundland ta shiga Kanada a 1949 a ƙarƙashin jagorancin Joey Smallwood, wanda ya ɗauki gina tituna a matsayin alamar fita daga talauci. A 1965 aka kammala ɓangaren tsibirin na babbar hanyar da ta ratsa Kanada, tsawon kilomita kusan 900 daga Port aux Basques zuwa St. John's, mafi yawansa cikin daji da fadama da gefen tafkuna, babu fitilun titi, babu gari na tsawon tafiya mai nisa. Daga baya, a 1988, aka rufe layin dogon gaba ɗaya, bisa yarjejeniyar da gwamnatin tarayya ta ba da dala miliyan 800 don inganta hanyoyi. Tun daga ranar, kaya da fasinja duk suka koma kan taya. Mai zuwa asibitin birni, ɗalibi mai komawa jami'a, direban tirela da ya sauko daga jirgin ruwan fito da tsakar dare, duk hanya ɗaya suke bi, inda dokar gudu ta ba da kilomita 100 a awa. Shekarun da motoci suka ƙaru a kan hanyar su ne kuma shekarun da mus ta kai ƙololuwar yawanta.

Abin da ya sa karo da mus ya bambanta da karo da sauran dabbobi yana cikin ƙirar jikinta. Ƙaramar barewa idan mota ta buge ta, gaban motar ne ke karɓar dukan, kuma can ne injiniyoyi suka tanadi ƙarfen da ke lanƙwashewa ya shanye ƙarfin karo. Mus kuwa dogayen ƙafafu gare ta, sirara, gangar jikin tana sama da bonet. Motar sai ta share ƙafafun kawai, rabin tan na nama da ƙashi ya zamo ta kan bonet ya faɗo wa gilashin gaba da bakin rufi, wurin da ya fi ko'ina rauni a jikin mota, kuma daidai inda kawunan direba da na kusa da shi suke. Direban da ya san hanyoyin Sahel zai gane wannan nan take, domin haka karo da raƙumi yake. Rufin yakan murƙushe ya dawo ciki, wani lokaci ya ɓare har baya. Tun da gaban motar bai ji wani duka mai ƙarfi ba, jakar iska ma takan ƙi buɗewa, bel ɗin kujera kuma an yi shi ne don ya hana mutum tafiya gaba, ba don ya kare shi daga abin da ke saukowa daga sama ba. Shi ya sa raunukan suka fi yawa a kai, fuska da wuya, kuma a cikin waɗanda suka tsira da rai akwai masu karyewar ƙashin wuya da shanyewar jiki har ƙarshen rayuwa.

Ganinta da dare shi ma aiki ne. Gashinta baƙi-baƙi ne mai shanye haske, ga duhun dajin da ke bayanta. Idanun yawancin dabbobi sukan ƙyalla idan fitila ta haska su, direba ya ankara tun daga nesa, amma kan mus yana sama da inda ƙaramar fitila ke kaiwa, sau da yawa ba abin da ke ƙyallawa. Abin da direba ke fara gani shi ne ƙafafu masu ɗan haske a tsakiyar titi, ko kuwa ya ga farin layin hanya ya yanke, ko fitilar motar da ke tahowa ta ɓace na ɗan lokaci. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gane, ƙafa ta kai ga birki, an riga an cinye mafi yawan tazarar da fitila ta haska. Ƙari a kan haka, mus ba ta da ɗabi'ar gudu daga abin da ke tunkaro ta. Dabba ce da ta saba tsayawa ta fuskanci maƙiyi, don haka takan tsaya cak, ko ta juya ta bi titin a guje, ko ta tsallaka sannan ta komo. Idan tamata ta wuce, akwai yiwuwar ɗanta na biye.

Ita kanta hanyar tana jan dabbar. Gefen titi da aka share yakan fitar da sabon toho, iska tana kaɗawa a fili ta rage mata cizon ƙudaje a lokacin zafi, a hunturu kuma titin da aka kwashe wa dusa ya fi sauƙin takawa. Akwai kuma gishirin da ake watsawa don narkar da ƙanƙara, wanda ke taruwa a kududdufan gefen hanya. A lardin Quebec an tabbatar cewa irin waɗannan kududdufai suna tara mus, har aka riƙa cike su da duwatsu. Wani bincike da Tammy Joyce da Shane Mahoney suka wallafa a 2001 ya ƙirga karo 5,422 a Newfoundland tsakanin 1988 da 1994, mutum 14 suka rasu a ciki. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun auku ne daga Yuni zuwa Oktoba, kashi uku cikin huɗu kuma tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Watannin suna da dalili: a ƙarshen Mayu da Yuni uwa takan kori ɗanta na bara don ta haifi sabo, sai matasan su shiga gararamba ba su san hanya ba, a Satumba da Oktoba kuma lokacin barbara ne, maza suna yawo ba ji ba gani.

Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fara ɗaukar matsalar a matsayin aikin injiniya ita ce Suwidin, inda ake samun dubban irin wannan karo kowace shekara. Kamfanonin Saab da Volvo sun daɗe suna gwada motocinsu da gunkin mus mai nauyin ta gaske, suna ƙarfafa ginshiƙan gilashin gaba da bakin rufi. Akwai kuma gwajin kaucewa, inda direba ke murɗa sitiyari kwatsam ya bar layinsa sannan ya komo, kamar wanda dabba ta faɗo wa. A Oktoban 1997 sabuwar Mercedes A-Class ta kife a wannan gwaji a hannun Robert Collin, ɗan jaridar mujallar motoci ta Teknikens Värld. Kamfanin Mercedes ya dakatar da sayar da motar, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa. Na'urar, wadda a da sai a motocin alfarma, ta bazu daga nan har ta zama dole a sababbin motoci a Turai da Amurka da Kanada. Suwidin ta kuma kafa dubban kilomita na shingen waya a manyan hanyoyinta, doka ta wajabta wa duk wanda ya buge mus ya sanar da 'yan sanda ya sa alama a wurin, don a tura mafarauci da kare su bi sawun dabbar da ta ji rauni.

Newfoundland ta yi jinkirin bin wannan sawu. Shekaru da dama abin da hukuma ta dogara da shi bai wuce allunan gargaɗi, sanarwa a rediyo da share ciyayin gefen hanya ba, saƙon kuma ɗaya ne: direba ya rage gudu, ya buɗe ido, ya guji tafiyar dare. Shawarar gaskiya ce, domin babu abin da ke raba mutuwa da tsira a wannan karo kamar saurin motar. Amma ta ɗora nauyin duka a wuyan mutumin da ke riƙe da sitiyari, alhali ba shi ya kawo dabbar ba, ba shi ya yanke yawan lasisin farauta ba, ba shi ya rufe jirgin ƙasa ba. Wannan ne ya harzuƙa waɗanda suka ji rauni da iyalan mamata, suka kafa ƙungiyar matsin lamba mai suna SOPAC a 2009. Bukatunsu a fili suke: a kafa shinge, a rage garken da ke kusa da hanya, a ba da lambar waya da za a kira a kawar da dabbar da ta addabi wani wuri. Suna yawan nuni da New Brunswick, lardin da aka ɗebo mus ɗin tun farko, wanda ya riga ya kafa ɗaruruwan kilomita na shinge.

A 2011 lauya Ches Crosbie ya shigar da ƙara a madadin waɗanda haɗarin ya kwantar a asibiti da magadan waɗanda suka rasu. Hujjar ita ce gwamnati ce ta shigo da dabbar, ita ke juya yawanta, ta kuma san haɗarin shekara da shekaru ba ta yi abin da ya kamata ba. A wannan shekarar gwamnati ta ware kimanin dala miliyan 5, ta ƙara dubban lasisin farauta, ta kafa shingen gwaji na kilomita goma sha wani abu a yammacin tsibirin, ta kuma girka na'urori a wurare biyu, ɗaya kusa da St. John's, ɗaya kusa da Grand Falls-Windsor, masu kunna fitilar gargaɗi idan dabba ta gitta hasken da ke tsakanin sanduna. Na'urorin ba su jure yanayin tsibirin ba. Sun yi ta lalacewa, suna kunnawa babu komai ko su yi shiru alhali akwai, daga bisani aka cire su. Fitilar da direba ya dogara da ita ta kuma yi shiru ta fi rashin fitila haɗari. A 2014 alƙali Robert Stack ya kori ƙarar, bisa cewa yadda gwamnati ke sarrafa namun daji da yadda take kasafta kuɗin hanya al'amari ne na manufa, ba sakacin da kotu za ta sa a biya diyya a kansa ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin.

Shinge shi ne maganin da ya fi nuna amfani a duk inda aka gwada shi da kyau. A gandun dajin Banff da ke yammacin Kanada, shinge haɗe da gadoji da ramukan tsallakawar dabbobi ya rage karo da namun daji da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Amma sai ya haura mita 2, sai an bar wa dabba mashiga ta ƙarƙashi ko ta sama, sai an yi ƙofofin da wadda ta kutsa ciki za ta fita, sai kuma an riƙa gyara abin da dusa da faɗuwar itace suka karya. Inda shinge ya ƙare, nan dabbobi ke taruwa su tsallaka, don haka guntun shinge yakan matsar da haɗarin ne kawai zuwa gaba. Ga lardi mai mutane kaɗan da dubban kilomita na hanya, kuɗin ba ƙarami ba ne, kuma nan ne gardamar ta fi tsayawa.

Rage garken kuwa ya fi shinge sarƙaƙiya, domin mus tana da masu kare ta. Dubun-dubatar mazauna suna shiga ƙuri'ar lasisi kowace shekara, masu sansanonin farauta suna samun abin rufin asiri daga baƙin da ke zuwa daga Amurka, masu yawon buɗe ido suna son ganinta, hotonta yana kan riguna da kofunan tsaraba. Mutumin da ya rasa ɗan'uwa a kan hanya, sau da yawa shi ne kuma mai kwalaben naman a ɗakin ajiya. Inda aka fara rage ta da gaske, dalilin ma ba hanya ba ne, daji ne. A gandun Gros Morne da ke tsibirin, wanda aka kafa a 1973 aka hana farauta a cikinsa, mus ta yi yawan da ta cinye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba, har wasu sassan kurmi suka koma fili mai ciyawa. Dole hukumar gandun dajin Kanada ta buɗe farauta a can da kuma gandun Terra Nova a 2011, abin da ba a saba yi ba a irin waɗannan wurare, ta ba mazauna yankin lasisi, wasu lasisin kuma ta ba ƙungiyoyin taimakon jama'a. Cikin 'yan shekaru yawan dabbar a Gros Morne ya ragu ƙwarai, itatuwa suka fara farfaɗowa.

A sauran tsibirin adadin ya sauko daga ƙololuwar shekarun 1990 zuwa abin da ya ɗan haura 100,000, kuma har yanzu Newfoundland tana cikin wuraren da mus ta fi cunkoso a Arewacin Amurka. Hukuma ta keɓe wasu yankuna a gefen babbar hanya inda ake ba da ƙarin lasisi musamman don rage dabbobin da ke kusa da kwalta, ana ci gaba da sare ƙananan itatuwa a faɗaɗa abin da direba ke iya hangowa, ana kuma ƙara shinge kaɗan-kaɗan a wuraren da haɗari ya fi yawa. Ɗaruruwan motoci suna karo da mus a kowace shekara, mafi yawa daga Yuni zuwa Oktoba, tsakanin magariba da asuba.